Daga shagon Kawu a Sinnar zuwa ma'amal ɗin 'yan shekarar farko

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwanakin nan iyaye sun yi ta kirana, wani daga Gadarif wani daga Kassala, har da danginmu na Jidda da Makka, kuma tambayar kusan iri ɗaya ce, wai yaro ko yarinya sun samu handasa, wato karatun injiniya, ɓangaren kahraba (lantarki) da kwamfuta, su je ko su canza, wasu kuma yaron ya riga ya fara amma wata uku kacal ya ce shi ya gaji zai bari. A waya ba na iya faɗin duk abin da ke raina, layin ma yankewa yake, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda ni kaina na bi ta wannan hanyar, wanda zai amfana ya amfana.

Ni ɗan Mai Wurno ne, nan bakin Shuɗin Nilu kudu da Sinnar. Duk wanda ya tashi a garinmu ya san labarin, kakanninmu sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903, suka yi ta gabas har Allah ya zaunar da su a nan. Babana manomi ne, yana kuma taɓa su lokacin da kifi ya yi yawa. A gidanmu babu wanda ya taɓa kaiwa jami'a kafin ni. Wanda ya fara sa min son waya da batir ƙanin mamana ne, Kawu, yana da ɗan shago a kasuwar Sinnar yana gyaran rediyo da fanka da abin guga, daga baya har da talabijin. Duk hutu can ake tura ni don kar in zauna banza. Aikina na farko riƙe masa tocila, sai share ƙura da tsohon buroshi, sai da ya ga hannuna ba ya rawa sannan ya bar ni na taɓa kawiya, ƙarfen nan mai zafi da ake liƙa waya da shi, har yau in na ji ƙanshin dalmar laham tana narkewa shagon nan nake tunawa.

Kawu bai yi boko ba, allo ya yi, amma wallahi in aka kawo fanka tana gurnani ba ta juyawa sai an tura ta da sanda, ko buɗewa bai yi ba zai ce kondansa ce, ɗauko min mai biyu da rabi. A canza, fanka ta tashi. Na tambaye shi, Kawu me ya sa sai da wannan ɗan abin take juyawa, sai ya ce min ɗana ni dai haka na tarar, maigidana haka ya nuna min, in ka yi karatu ka gano ka zo ka faɗa min. Da gaske yake faɗa ba wasa ba, kuma maganar ta zauna min.

Da na rubuta shahada sudaniyya, jarrabawar gama sakandare, Allah ya taimaka sakamako ya yi kyau, sunana ya fito a handasa a ɗaya daga cikin jami'o'in Khartum. Murna a gida ba a magana, Inna har guɗa ta yi. Baba dai ya yi shiru zuwa dare sannan ya kira ni ya ce, yanzu kai shekara biyar za ka yi don ka koyi jan waya a gidajen mutane, abin da ɗan maƙwabcinmu ya koya a wata shida? Ban iya ba shi amsa ba saboda ni ma a lokacin iyakar abin da na sani ke nan, ina ɗauka handasar kahraba shagon Kawu ne amma babba. Duk da haka ya sayar da buhunan dawa ya ba ni kuɗin mota da na rajista, ya ce je ka Allah ya yi albarka, kar ka bar sallah.

To shekarar farko, nan ne maganar take. Mu sababbi barlum ake ce mana, kowa ya gan ka da sabon littafi kana neman ƙa'a, wato ɗakin lacca, ya san kai ne. Na sauka a dahiliyya ɗaki ɗaya da mutane da yawa, abinci bosh safe da dare, wannan duk bai dame ni ba don ba a cikin daula na tashi ba. Abin da ya dame ni shi ne an yi wata da watanni ban ga waya ko guda ɗaya ba. Lissafi ne zalla, tafadul da takamul wato kalkulas, aljabra, fiziya, kimiya, zanen handasa da za ka kwana a kan takarda ɗaya kana jan layi, sai warsha inda ake ba ka ƙarfe ka yi ta gogawa. Doktor zai shigo ƙa'a mai cike da mutane ya cika allo ya goge ya sake cikawa ya fita, rabin maganar da Larabci, alamomin da sunayen da Turanci, littattafan da ke maktaba da Turanci, ni kuma in zan yi tunani mai zurfi da Hausa nake yi, sai ya zama kafin in juya abin da ya faɗa a kaina ya riga ya wuce layi uku. Larabcina ba shi da matsala, a nan aka haife ni, amma akwai lafazin da in ya fito wasu za su kalli juna, kuma kowa a cikinmu ya san irin wannan kallon, sai ka ga yaron da ya fi kowa surutu a garinsu ya koma ba ya ɗaga hannu sam.

Akwai wani abokina Bahaushen Kassala da muka shigo tare, kansa yana ja fiye da nawa, wallahi ba don kunya nake faɗa ba. Imtihan na farko ya faɗi lissafi, aka ce sai mulhaƙ, wato ya sake rubutawa, bai jira ba ya tattara kayansa ya koma. Da zai tafi ya ce min shi bai ga inda wannan karatun ya haɗu da wutar da ya zo koyo ba. Babu wanda ya zaunar da shi ya nuna masa, ni ma a lokacin ban da abin da zan nuna masa. Har yau abin yana min ciwo in na tuna, kuma saboda shi ne nake yin abin da nake yi yanzu.

Ni ma na kusa bin sa. Wanda Allah ya yi amfani da shi ya tsayar da ni ba doktor ba ne, wani dattijo ne fanni, wato ma'aikacin fasaha, mai kula da ma'amal ɗin lantarki, wato ɗakin gwaje-gwaje, wanda mu 'yan shekarar farko ma ba mu da hurumin shiga. Na saba tsayawa ta taga bayan la'asar ina leƙen kayan ciki, rannan ya ce kai yaro shigo, me kake nema kullum. Na gaya masa shagon Kawu. Bai ce komai ba ya jawo durowa ya ajiye min abu huɗu a kan tebur, batir mai bolt 9, ɗan ƙaramin kwan LED ja, rasista ɗaya mai rage gudun wuta, da afomita, na'urar auna wuta. Ya ce karanta min launin da ke jikin rasistar. Rawaya, shunayya, ruwan ƙasa. Ya nuna min jadawalin da ke manne a bango, na duba na ce om 470. Ya ce madalla, wannan kwan yana cin kamar bolt 2, saura nawa? Na ce 7. Ya ce to raba 7 da 470 ka rubuta a takarda kafin ka taɓa komai. Na raba, ya ba ni kusan mili amfiya 15. Ya ce yanzu haɗa ka auna. Na haɗa a kan allon nan mai ramuka, kwan ya kama ja, na saka afomita a tsakiyar layin yadda ya nuna min, lamba ta fito 14 da ɗoriya.

Jama'a ban san yadda zan kwatanta muku ba. Na sha kunna kwan fitila a shagon Kawu, ba sabon abu ba ne, amma ban taɓa faɗin abin da wuta za ta yi kafin ta yi ba, kuma ta yi shi. Na ce Ammu me ya sa bai kai 15 daidai ba, ya yi murmushi ya ce auna batir ɗin, na auna na ga bai cika 9 ba, ya ce ga amsarka, sannan zoben zinaren da ke ƙarshen rasistar yana gaya maka tana iya kaucewa da kashi 5 cikin 100. Ya ce wannan rabawar da ka yi dokar wani Bajamushe ce mai suna Om, tun 1827 ya fitar da ita, kuma daga wannan ɗan kwan har layin da ke ɗauko wuta daga madatsar Rusairis zuwa Khartum ba wanda ya fita daga ƙarƙashinta.

Daga ranar na zama ɗan gida. Wata rana ya ɗauko ƙaramar taransifoma ya sauke wutar bango zuwa bolt 12 don kar ta yi min illa, ya haɗa da osiloskof, sai ga wani koren layi yana hawa yana sauka a fuskar na'urar. Na tsaya ina kallo na ce ai wannan sayin ne, lanƙwasasshen layin nan da muke zanawa a lissafi. Ya ce shi ne, wutar da ke gidanku haka take, tana zuwa tana komawa sau 50 a daƙiƙa ɗaya, a Saudiyya kuma sau 60, shi ya sa wani injin in an kawo shi daga can gudunsa ke canzawa. Ya ce 230 ɗin da ake faɗa ma ba shi ne ƙololuwarta ba, tana kaiwa wajen 325 a sama, kuma in kana so ka san yadda aka samo 230 ɗin sai da takamul, wanda kake gudu. A daren nan na buɗe littafin lissafin da na jefar ƙarƙashin katifa. Ba wai ya zama mai sauƙi ba ne, da wuyarsa, amma yanzu na san inda za shi.

Sai a shekara ta biyu na samo amsar Kawu. Da hutu ya zo ban ko sauke jaka a gida ba na wuce shago, na ce Kawu na gano maganar kondansa. Ya ajiye kawiya ya ce to bismillah. Na buɗe wata matacciyar fanka na nuna masa naɗin waya biyu da ke ciki, na ce in wuta ta shiga su biyun lokaci ɗaya ƙarfin maganaɗisun gaba da baya kawai yake yi, ba ya zagayawa, shi ya sa take gurnani a tsaye, ita kondansa aikinta ta sa wutar naɗi ɗaya ta riga ta ɗayan da ɗan lokaci, sai ƙarfin ya zama yana zagaye, fanka ta bi shi. Ya yi shiru yana kallon naɗin, can ya ce shi ya sa in na juya wayoyin take juyawa ta baya ke nan. Na ce shi ne Kawu. Ya ce Allahu akbar, shekara da shekaru. Sannan ya kira maƙwabcinsa mai agashe ya ce a kawo wa injiniya nama. Shi kuma a hutun nan ya koya min abubuwan da babu su a muhadara, yadda ake gane taransifomar da ta ƙone da hanci, yadda ake sauke cajin da ke maƙale a tsohuwar talabijin kafin a sa hannu, don tana iya jefar da mutum ko an cire ta daga bango.

Ɓangaren kwamfuta kuwa na shige shi da tsoro, don kafin jami'a ban taɓa zama gaban kwamfuta na yi wani abin kirki ba, 'yan Khartum da suka tashi da ita a gida suna ta buga rubutu ni ina neman harafi ɗaya ɗaya. Abin da ya cire min tsoron shi ne ranar da muka haɗa taransista biyu a jere muka ga kwan ba ya kamawa sai an danna makunni biyun tare, aka ce mana to wannan ita ce ƙofar AND, kuma duk kwamfutar duniya tarin irin waɗannan ƙofofin ne, akwai wuta babu wuta, 1 da 0. Wani Bature ɗan Ingila, Bul, ya rubuta lissafin gaskiya da ƙarya a 1854 ba tare da ya san za a yi kwamfuta ba, sai a 1937 wani ɗalibi a Amurka, Shanon, yana ɗan shekara 21 ya nuna ana iya yin wannan lissafin da makunnan lantarki, aka zo aka ƙirƙiro taransista a 1947. Da na ji shekarun yaron nan na ce ashe sa'anmu ne. Tun daga nan na daina ganin kahraba daban kwamfuta daban.

Na gama, na yi hidima wataniyya, wato bautar ƙasa, aka ɗauke ni mataimakin koyarwa a wata kulliya. Yawancin abokan aikina manyan aji suke so, ni na roƙa a bar min 'yan shekarar farko, ko da awa biyu a mako ba tare da maki ba. An ɗan ja min rai, wasu suna ganin ɓata kaya ne a ba barlum afomita, daga baya dai aka yarda.

Ranar farko ba na fara musu da komai sai tsaro, kuma ba na sassautawa a nan. Ina gaya musu mili amfiya 30 kacal, ninki biyu na abin da ɗan kwan LED ke ci, in ta ratsa ƙirjin mutum tana iya rikita bugun zuciya, don haka a ajina babu mai taɓa wutar bango, batir ne da bolt 5 har sai hannu ya faɗa. Daga nan sai in zube musu tarkacen da na tsinto a kasuwa, matattun caja, rediyo, fanka, tsohuwar kwamfuta, kowane rukuni su buɗe ɗaya su zana abin da suka gani su kirga abin da suka sani da wanda ba su sani ba. Sai mako na biyu mu yi abin da dattijon nan ya yi min, lissafa tukuna, rubuta, sannan ka auna. Wannan ƙa'idar ba na ɗaga wa kowa ƙafa a kanta, wanda ya auna kafin ya lissafa sai ya sake.

Yaran Jazira da na Sinnar in bolt da amfiya sun rikice musu ina mai da su gona. Ina ce musu ku tuna madatsar Sinnar da aka gama a 1925, tsayin ruwan da ta tare a bayanta shi ne bolt, yawan ruwan da ke gudu a cikin tur'a, wato magudanar ruwa, shi ne amfiya, ƙaramar magudanar da ake ce wa Abu Ishirin in ciyawa ta cushe ta kuma ita ce rasista, sannan duk ruwan da ya iso mararraba dole ya rabu ya fita, ba ya ɓacewa a wurin, to dokar Kirshof ta farko ke nan. Yaron da ya taɓa kwana yana ban ruwa a hawasha, wato gonar rani, ba ya sake mantawa.

Ina kuma zana musu taswirar shekara biyar ɗin a allo tun da wuri, don su san ina aka dosa, abin da ni ba a yi min ba. Ga masu ƙarfin wuta, su ne za su yi aiki da irin injinan madatsar Marawi da aka buɗe a 2009, guda 10 masu ƙarfin megawat 1250, kuma asalin abin da ke juyawa a cikinsu shi ne abin da Faraday ya gano a 1831, maganaɗisu ya motsa kusa da waya wuta ta fito. Ga masu sadarwa, su ne ke bayan hasumiyar da wayarka ke kamawa. Ga masu ilektaronik, ga masu sarrafa injina, ga masu kwamfuta. Sai in ɗauko mitar nan ta gidajenmu da muke ce wa jamra habisa in ce ku duba, a cikin wannan akwatin kaɗai akwai mai auna wuta, akwai ƙaramar kwamfuta da ke karanta lambobin da kuka saya, akwai makunnin da ke yanke ku in kuɗi ya ƙare, duk fannonin nan sun haɗu a bangon gidanku. Kuma ina gaya musu gaskiya cewa lissafin ba gudu ba ja da baya, wanda ya raina shi a shekarar farko zai biya a ta uku.

Akwai wata yarinya da ba zan manta ba. Kullum tana can baya, in an raba rukuni ita ce mai rubutu, maza su riƙe waya. Rannan muna aiki da Arduino, ɗan allon nan mai ƙaramar kwamfuta da aka fara yi a Italiya a 2005, ta juya ƙafar LED kwan ya ƙi kamawa, sai na ji ta ce kash a hankali. Na matsa na ce mata da Hausa, ƙanwata doguwar ƙafar ita ke zuwa wajen wuta. Ta ɗago a firgice ta ce Ustaz kai ma? Na ce Mai Wurno. Ta ce ita 'yar Gadarif ce, kuma tun da ta zo ba ta bari kowa ya san tana jin Hausa ba. Na ce daga yau ke za ki riƙe waya wani ya yi rubutu. Ƙarshen zangon da na ce kowane rukuni ya kawo matsala daga gidansu, ita ta kawo ta mamanta, a Gadarif kowa ya san wahalar ruwa, in ya zo da tsakar dare mamanta ke tashi ta kunna motar famfo ta zauna gadi kar tanki ya cika ya zube ko motar ta yi ta juyawa babu ruwa ta ƙone. Yarinyar nan ta saka wayoyi biyu a cikin bokiti, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ta rubuta 'yan layuka da ba su kai talatin ba, ta haɗa da rile, makunnin da wuta ke kunnawa, ruwa ya sauka ƙaramin famfo ya tashi, ya cika ya tsaya da kansa. Da ta gwada a gaban aji hannunta na rawa, da famfon ya tsaya duk ɗakin ya ɗauki tafi, ta rufe fuska da mayafi tana kuka. 'Yar shekarar farko fa, wadda ko dokar Kirshof ba ta gama haddacewa ba.

Sai ga 15 ga Afrilu 2023, ranar da yaƙi ya ɓarke a Sudan. Ba sai na ba ku labari ba, kowa da nasa. Na fita Khartum da jaka ɗaya, a ciki akwai afomita da 'yan Arduino da suka rage a ɗakina, na sauka Madani, a Disamba yaƙi ya iso Madani na koma gida, a tsakiyar 2024 ya matso yankin Sinnar muka kwashi tsofaffi muka yi Gadarif. Ɗalibaina suka watse, wasu Masar, wasu Saudiyya wajen dangi, wasu Bor Sudan, wasu har yau ban ji ɗuriyarsu ba, Allah ya sa suna raye, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya Allah ya jiƙansu. Daga baya aka ce a ci gaba da karatu ta intanet, sai ga ni da 'yan shekarar farko da ba su taɓa ganin ƙofar kulliyarsu ba, muna haɗuwa a WhatsApp da Telegram, ina tura murya da hoton takarda, mai kwamfuta ya haɗa da'ira a Tinkercad, marar ita ya zana a littafi ya ɗauko hoto. A Fabrairu 2024 da layuka suka ɗauke gaba ɗaya ma sai mai kuɗin zuwa wajen masu Starlink ake jin sa. Na yi iya ƙoƙarina amma zuciyata ba ta kwanta ba, don na san abin da ya riƙe ni a wannan karatun abu ne da na taɓa da hannuna, su kuma ga su da gilashin waya kawai.

A Gadarif ne Allah ya buɗa wata ƙofa. A makarantar da aka sauke mu tare da 'yan gudun hijira wani bawan Allah ya kawo faifan sola biyu da batir ɗaya, babu wanda ya san yadda zai haɗa. Na tura saƙo a rukuni na ce duk ɗan shekarar farko da ke garin nan ya zo gobe da safe. Suka zo, har da waɗanda ba ɗalibaina ba, 'yan wasu jami'o'in. Na ba su afomita na ce ku juya faifan ku karanta takardar da ke bayansa sannan ku auna a rana, suka ga faifan da ake ce wa na bolt 12 yana ba da sama da 20 in ba a ɗora masa komai ba, nan take tambayoyi suka ɓarke, kuma daga nan suka gane dalilin da ya sa ba a haɗa faifai da batir kai tsaye sai da munazzim, na'urar daidaita caji, a tsakani, da dalilin da ya sa ake fara ɗaura batir kafin faifai. Suka yi gardama a kan a jera faifan biyu bi da bi ko kafaɗa da kafaɗa, na bar su suka lissafa duka biyun a ƙasa da tsinke. Sannan na ce batir ɗin nan amfiya-awa 100 ne a bolt 12, wat-awa nawa ke nan, suka ce 1200, na ce irin wannan na ruwa ba a shanye shi ƙasa da rabi in ana so ya daɗe, saura 600, batir ɗin waya ɗaya kamar 15 yake ci, to waya nawa za mu yi wa caji a dare, ku kuma cire asarar da za a yi a hanya. Su da kansu suka tsara layi, suka rubuta sunayen ɗakuna, suka ware wa fitilar ɗakin mata masu jego kasonta kafin na kowa. Wata tsohuwa da ta samu ta kira ɗanta a Jidda bayan dogon lokaci ta riƙe hannun wani yaro cikinsu tana ta sa masa albarka tana ce masa muhandis, shi kuwa ko imtihan ɗaya bai taɓa rubutawa a jami'a ba.

Yarinyar nan mai tanki ma ta zo, ta riga ta wuce shekarar farko, ita ta riƙa nuna wa ƙananan yadda ake riƙe kawiya, da Hausa da Larabci duk wanda ya zo bakinta.

Ga iyayen da ke tambayata, ku bar su su je, mace ko namiji, kuma in yaro ya kira ku a wata na uku ya ce ya gaji kar ku yi masa faɗa kar kuma ku ce ya dawo, ku tambaye shi ko ya taɓa auna wani abu da hannunsa, in ya ce a'a to ku taimaka masa da kuɗin afomita ƙarama da batir da 'yan rasista, ba su kai kuɗin takalmi mai kyau ba, ku kuma haɗa shi da wani na gaba da shi ko da mai gyaran rediyon unguwa ne. Baba da ya tambaye ni maganar jan waya, kafin Allah ya karɓi ransa sai da ya ga na ɗaura wa famfon gonarsa sola, ya zauna a bakin ruwa yana tambayata yadda rana ke zama wuta har magariba ta yi, Allah ya gafarta masa.

Yanzu maganar komawa Khartum ake yi, amma waɗanda suka je suka duba sun ce ma'amal ɗin babu komai a ciki, har wayoyin bango an zare saboda tagullar. Sabuwar duf'a ta ɗalibai na nan tafe kuma abin da ke hannuna afomita uku ne da Arduino biyar, ɗaya ma ta fara ba da matsala. 'Yan uwanmu da ke aikin lantarki a Jidda da Makka da Riyad, in akwai tsohuwar afomita ko kawiya ko allon gwaji da kuka ajiye ba ku amfani da su, ko matattun caja da rediyo ma muna so, ku haɗa ku ba masu zuwa Bor Sudan ta jirgin ruwa ko ta sama, za mu san yadda za su iso Gadarif in sha Allahu.